Kawu Sai-Gobe da Daɓen Gindin Mangwaro

Ƙanin mahaifiyata ne, gyaran keken ɗinki kuma shi ne sana'arsa. Duk layinmu Sai-Gobe ake ce masa, har mu ma 'ya'yan yayarsa muka bi baki, sai dai mukan sa Kawu a gaba don kada a ce ba mu da kunya. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko zare ne kawai ya harɗe a cikin keke, in mace ta kawo masa zai juya kan keken da hannu, ya kara kunne kamar likita, sannan ya ce, "Bar shi nan, sai gobe." Wasu na cewa yanga ce. Ni da na zama tela daga baya na gane ba haka ba ne. Ba ya iya mayar da keke sai ya kwance shi kaf, ya wanke da kananzir, ya ɗinka tsumma da shi ya ji muryarsa. In aka matsa masa sai ya nuna tsallaken titi ya ce, "Sauri kike? Ga mai gyaran janareta can, shi yanzun nan zai sallame ki."

Da farko a wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta yake, shi ke kula da injina. Da kamfanin ya rufe, abin da ya fito da shi akwatin ƙarfe ne cike da sukudireba da filaya da ƙananan notuna, sai tabarau mai igiya da ke rataye a wuyansa. Ba shi da halin kama shago. Ya ɗauko teburin ɗakinsu, matarsa tana ta faɗa, ya ɗora a baro ya tura har inda layinmu ya haɗu da babban titi, ya ajiye a gindin wani mangwaro. Nan ya zauna har gemunsa ya yi fari.

Ba wanda ya san wanda ya dasa bishiyar nan. Tun muna yara babba muka gan ta, inuwarta tana cin rabin titi. A bayanta akwai fili, ba gini ba shinge, sai ciyawa da yara masu buga ƙwallo. Kullum da safe Kawu ke share ganye kafin ya buɗe akwati. Ya buga ƙusa guda a jikinta yana rataye bel ɗin keke, kuma har yau yana cewa ƙusar nan ya sha jin kunyarta. In lokacin mangwaro ya yi, rabin aikinsa korar masu jifa ne. "Ku jira ya faɗo," yake ce musu, "wanda ya faɗo ya fi zaƙi, kuma ba ya fasa mini kan keke."

Abu ɗaya ke ɓata masa wurin, damina. Da an yi ruwa sai gindin bishiyar ya zama taɓo. Ƙafafun tebur su nutse, ya yi ta cusa musu gutsuren bulo. In noti ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi, to ya tafi ke nan, ka ga dattijo tsugune yana tona laka da tsinke. Mata masu kawo gyara su riƙa tattare zane suna tsaki. Na ji shi ba sau ɗaya ba yana cewa, "Ranar da Allah ya hore mini, sai na daɓe wurin nan da siminti, na huta."

Amininsa birkila ne, Dogo ake kiransa, ko da yake bai fi Kawu tsawo da wani abin kirki ba. In ya tashi daga aiki da yamma yakan biyo ta nan, siminti har gashin gira, ya zauna a kan akwatin Kawu su sha shayi. Ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Sannu da aikin mata," in ji Dogo.

"Yauwa, sannu wanda ya gina wa kowa gida yana kwana a na haya."

Haka suke tun ina 'yar makaranta har na yi aure.

Sai aka sayar da filin. Wata mai sayar da yadi ce ta saya, ta ce jerin shaguna za ta yi, kuma Dogo ne ya samu aikin. Shi ya zo da labarin da yamma, fuskarsa ba walwala, ya ce a tsarin da aka ba shi babu bishiya, za a sare. Kawu ya rufe akwati da wuri ya tafi gida. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta ce ranar ko ruwa bai nema ba. Washegari ya sa rigarsa ta fita kunya ya tafi shagon matar nan. Shi da ko cikon allura ba ya iya roƙo, ya tsaya a gaban kanta yana bayani har masu saye suka tsaya kallo. Ya ce mata inuwa ciniki ce, duk wanda rana ta koro nan zai tsaya, in ya tsaya kuwa zai leƙa shago. Matar mai sauƙin kai ce. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka sha kuruminka. A bar bishiya, a ja ginin baya kaɗan."

Aka ja ginin baya kaɗan, kamar yadda ta ce. Kaɗan ɗin kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ramin harsashi ya bi ta bayan bishiyar, kusa har mutum zai iya jingina da gindinta ya miƙa ƙafa cikin ramin. Ina nan ranar, na kawo nawa keken. Masu haƙa suna ta cin karo da saiwoyi, wasu sirara kamar igiya, wasu kaurin cinyar mutum. Diga ta kasa, aka kawo gatari. Kawu ya tashi ya leƙa, ya ce, "Dogo, wannan ba zai yi mata illa ba?"

"Haba, wannan ai gefe ne. Babbar saiwar tana can ƙasa, ta miƙe zuwa ruwa. Ni da na bar bishiyoyi a gidaje ba iyaka, ka taɓa jin wadda ta faɗi?"

Dogo ba ƙarya ya yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan, kuma mu ma duk haka muka ɗauka. Ya ma gargaɗi leburorinsa kada wanda ya kuskura ya goga wa jikin bishiyar shebur. Har tsohon kwanon rufi ya kewaya mata don kada baro ya ɓare mata ɓawo.

Amma inuwar ta jawo komai. Nan tifa ke ja da baya ta juye yashi da tsakuwa, nan take juyawa da nauyinta, har ƙasar da a da ƙafar tebur ke nutsewa a ciki ta koma kamar dutse. Nan ake tara bulo. Nan ake kwaɓa siminti, don ba mai son kwaɓi a rana. In an tashi da yamma aka wanke shebur da kwanonin ɗiba, sai a watsa ruwan a gindin bishiyar, wai ita ma ta sha. Kawu ya matsa da teburinsa bakin titi yana aiki cikin ƙura, bai taɓa ƙorafi ba, tunda dai ga bishiya tsaye.

Kafin a gama shagunan sai masu aikin titi suka zo da nasu. Suka haƙa lambatu ta gaban bishiyar, su ma suka datse abin da suka tarar. Da aka gama duka biyun sai ya zamana gindin mangwaron ya koma kwari tsakanin barandar shaguna da bakin lambatu. Aka kawo jar ƙasa aka yi ciko har kusan gwiwa, aka daddage ta, aka daidaita.

A nan ne Kawu ya ga damarsa. Ya ce wa Dogo, "Tunda ga siminti ga ma'aikata, ba ka cika mini burina ba?" Mai shagunan ta ba da ragowar siminti, Dogo kuma ya ba da ranar hutunsa. Shi da kansa ya zuba daɓen, daga baranda har lambatu, sumul, ya kai shi har jikin bishiyar bai bar ko tafin hannu ba, don kada ciyawa ta fito. Sannan ya kewaye gindin da dakali mai kyau na zama, ya shafe shi. Bai karɓi komai ba. Ya ce, "Gudummawata ce ga aikin mata."

Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na lokacin ba. Da gangan yakan saki noti ya faɗi, don mu ji ƙararsa a kan siminti mu ga ya ɗauka ba wahala. Iya ta zo ta gani da idonta, ta zauna a dakalin ta ce, "To Malam, yau dai ka zama mai ofis." Masu jiran mota suka samu wurin zama, shagunan suka cika, ciniki ya buɗe wa kowa.

Shekarar da ta biyo baya bishiyar ta yi furen da ba a taɓa gani ba, ta zuba 'ya'ya har rassa suna lanƙwasa. Ƙanana ne, ba su kai na da zaƙi ba, amma yawan ya rufe bakin kowa. Dogo ya riƙa ɗaga kai yana cewa, "Ka gani ko? Siminti ya karɓe ta."

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, har ba zan iya cewa ga shekarar da ya fara ba. Sabon toho ya riƙa fitowa ƙanana, bakin ganyen a ƙone kamar an kara masa wuta. Sharar safe ta ƙaru. Can ƙololuwa wasu rassa suka tsaya tsirara, damina ta zo ta wuce ba su yi ganye ba. Kawu, da a da yake wuni wuri guda, ya fara jan tebur yana bin inuwa, don rana ta fara ratsowa tana sauka a kan aikinsa. Ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga jikin bishiyar, baƙi, yana gangarowa kan dakali. Daga baya naman kaza ya fito a tsagar da ke tsakanin dakalin da gindin, gara kuma ta ja hanyarta ta hau.

Kawu ya shiga neman magani. Ya sayo maganin feshi ya fesa. Ya samo taki, sai ya rasa inda zai zuba, don ko'ina siminti ne, ya ƙare da cusa shi a tsagar nan da sukudireba. Da rani yakan sayi ruwa ya kwarara, ruwan ya bi daɓe ya gangara lambatu yana kallo. Da duk wannan bai yi ba, sai zuciyarsa ta fara neman mai laifi.

Mai gyaran janaretan nan na tsallake ya dawo ɗaya daga cikin sababbin shagunan. Mutum ne mai iyali, ba ruwansa da kowa, sai dai gaban shagonsa kullum baƙi ƙirin da mai. Kawu ya sa a ransa shi ne ke zuba baƙin mai a gindin bishiyar don ta mutu a riƙa hango allon shagonsa daga titi. Wata rana da rana tsaka, a gaban mutane, ya faɗa masa haka. Mutumin ya rantse, Kawu ya ce rantsuwa ba ta wanke mai. Daga ranar suka daina gaisawa. Iya ta yi ta fama da shi a gida: "Malam, ka gani da idonka?" Ya ce ba sai ya gani ba. Wannan ba halin Kawu ba ne, shi ya sa abin ya dame mu.

Ana haka, wata rana da la'asar hadari ya taso da iska. Ba wata babbar iska ba ce. Kawu ya tashi ya shiga baranda da kan keken da ke hannunsa, bai kai ga komawa ɗauko sauran ba sai wani busasshen reshe ya ɓallo ya sauka a kan teburin. Ya raba shi biyu, ya farfasa keken wata mata da ke ciyar da marayu da ɗinki. Da mutum na zaune a wurin da sai dai wani labarin. Kawu ya haɗa mata wani keken daga tsofaffin kayan da ya tara, ya kai mata har gida, amma masu shaguna sun tsorata, suka kai maganar ofishin da ke kula da itatuwan gari.

Mace aka turo, matashiya, da hular rana da takalmin aiki. Ta gaida Kawu da ladabi, ta kewaya bishiyar, ta ƙwanƙwasa jikinta ta saurara, ta tsuguna ta ɓanɓaro ɓawo daga tsagar dakali ta shinshina. Kawu na biye da ita yana ba ta labarin baƙin mai. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baba, yaushe aka yi ginin nan?"

"An daɗe. Ai bayan ginin ma ta yi 'ya'yan da ba ta taɓa yi ba."

"Haka sukan yi in sun ji jiki. Su zuba 'ya'ya da yawa." Ta nuna daɓen da ƙafa. "Wannan fa, tare aka yi?"

Kawu ya ce tare aka yi. Bai ce shi ya roƙa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta zauna a kan dakalin ta yi masa bayani a natse. Ta ce yawancin saiwoyin da bishiya ke ci da sha da su ba can ƙasa suke ba, a sama-sama suke, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwa. Na baya an datse su da harsashi, na gaba an datse da lambatu. Waɗanda suka rage nauyin mota ya danne ƙasarsu, ruwan siminti ya ƙone wasu, sannan aka binne su da ciko aka rufe da daɓe. "Saiwa tana numfashi, Baba. In ba iska ba ruwa, ruɓewa take yi. Shi ma gindin da aka binne, ɓawonsa ba na zama cikin ƙasa ba ne. Babbar bishiya tana da ajiya a jikinta, shi ya sa takan yi shekaru tana ci daga ciki kafin a gani a ganye."

"To man fa?"

"Ban ga mai ba. Ko da akwai, ba shi ne ya kai ta nan ba."

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "In aka fasa daɓen?"

Ta ce da tun farko ne da an yi wani abu, amma yanzu abin da ke riƙe da bishiyar a ƙasa bai taka kara ya karya ba, kuma ga titi ga mutane. Za ta rubuta a sare.

Kawu bai faɗa wa Dogo ba. A lokacin Dogo ya rage aiki, bayansa ya hana shi hawa sama, ba kullum yake fitowa ba. A bakin masu shaguna ya ji. Washegari da safe sai ga shi da guduma a kafaɗa, yana ɗingishi. Bai yi tsiya ba, Kawu ma bai yi ba. Ya tuɓe riga ya fara dukan daɓen da ya zuba da hannunsa.

"Ta ce ba amfani," in ji Kawu.

"Na ji. So nake na gani."

Daɓen ya yi ƙarfi, don Dogo bai yi ha'inci ba ranar da ya zuba shi. Suka riƙa karɓa-karɓa, tsofaffi biyu suna haki, har suka buɗe wuri kamar faɗin tabarma. Ƙasar da ke ƙasa ta fito a dunƙule, tana wari mai tsami. Dogo ya tona da diga har ya wuce jar ƙasar ya kai tsohuwar. Saiwar farko da ya samu baƙa ce, ya matsa ta da yatsa ta marmashe. Ya samo wata, ita ma haka. Ya fasa gefen dakalin, ɓawon gindin ya biyo hannunsa kamar jiƙaƙƙen kwali.

Ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon ramin. Can ya ce, "Gidan likitan nan da na gina, na bar masa wata babbar bishiya a tsakar gida, na kewaye ta da tayil. Bara na wuce na ga babu ita. Na ce a raina mutanen nan ba su san darajar inuwa ba."

Kawu ya ce, "Ni na ce ka zuba."

"Ni na zuba."

"Ni na je har shago na roƙa a bar ta, ina ta jin daɗi na ceci rai."

Mai gyaran janareta na tsaye a ƙofar shagonsa yana kallonsu. Kawu ya miƙe, hannunsa duk ƙasa, ya taka har wurinsa. A gaban mutane ya zarge shi, don haka ya ɗaga murya yadda masu shaguna za su ji, ya ce, "Na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini." Mutumin ya ce ya wuce, amma ya ƙara da cewa abin ya yi masa ciwo, don har 'ya'yansa an tsokana da shi a makaranta. Kawu ya tsaya ya ji wannan ma, bai kare kansa ba.

Ranar da masu zarton inji suka zo, mun ɗauka zai zauna a gida. Ya zo. Shi ya riƙa tsayar da masu wucewa yana cewa su bi ta can. Daga sama suka fara, reshe-reshe, har aka zo kan gangar jikin. Da aka ɗaura wa kututturen igiya aka ja da mota, ko gardama bai yi ba, ya fito kamar ruɓaɓɓen haƙori. Mai zarton ya ce wa Kawu, "Baba, kun yi arziki. Wannan ai tsaye kawai take." Aka cike ramin, aka sake daɓewa. Mai shagunan ta ba Kawu kusurwar baranda, ta ce ya zauna muddin yana so.

Ya zauna, amma wurin ya zama wani wuri. Daga hantsi siminti ke ɗaukar zafi yana mayar wa mutum a fuska. Masu jiran mota suka koma gaba. Idonsa ma ya fara gajiya, zare ba ya shiga allura sai ya laluba. Bayan 'yan shekaru 'ya'yansa suka taru suka ce ya isa, ya koma gida, sai wanda ya matsa ya bi shi can da keke.

Sai dai ya fito da wata sabuwar ɗabi'a. Duk inda ya ga an juye yashi a gindin bishiya, sai ya tsaya. Ya yi sallama, ya nemi babban magini, ya fara bayani: kada a haƙa nan, kada tifa ta hau nan, a kai kwaɓi can, a kewaye iyakar inuwar da igiya. Yawanci sukan ce, "To Baba, mun gode," su ci gaba da abin da suke yi. Wani ya taɓa tambayarsa ko shi ne mai filin. Dogo yakan raka shi wani lokaci, kuma an fi sauraron Dogo, don shi ya san yadda ake magana da magina. Iya tana cewa sun zama 'yan sandan itatuwa marasa albashi. Bayan rasuwar Dogo, Kawu ya rage yawon, amma bai daina ba.

Da ni da maigidana muka tashi ƙara ɗaki a gidanmu, akwai bishiyar lemo a tsakar gida, kusa da inda ɗakin zai zauna. Ban gaya wa Kawu ba, don na san abin da zai biyo baya. Iya ce ta tona. Ranar da za a ja layin harsashi sai ga shi da sassafe, da sandarsa da ƙullin igiya. Ya kewaya lemon, ya dubi inda aka kafa turaku, ya kira maigidana gefe.

"Abu biyu ne," ya ce. "Ko ku ba ta ƙasarta, ko ku sare ta yau ku dasa wata a can. Duka biyun ba laifi. Amma kada ku bar ta tsaye ku yanke mata ƙafa, kuna cewa kun bar ta."

Maigidana ya ce, "Kawu, filin ne ba yawa."

"Na gani. Shi ya sa na ce abu biyu ne."

Muka yi shawara a tsaye. Ni ina son lemon, shi yana son faɗin ɗaki. A ƙarshe aka matsar da turakun, ɗakin ya fito siriri, har gado ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Kawu ya kewaye bishiyar da igiyarsa, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin igiyar. Kullum yana nan har aka gama ginin, leburori suna zagaye mai nisa da baro suna gunaguni. Maigidana har yau in ya buge gwiwa da gefen gado sai ya ce, "Allah ya saka wa Kawu."

Kwanan baya ya zo duba mu, jikarsa tana riƙe da hannunsa, don idon ya ƙara rauni. Na ce ya shigo ya ga yadda muka gyara ɗakin, ya ce daga baya. Ya tsaya a gindin lemon ya sa na tsinko masa ganye daga reshen da ya fi nisa da hannuna zai kai. Ya murza shi, ya auna faɗinsa da yatsa, ya tambaye ni ko can sama akwai reshen da ya bushe. Na ce babu, ga 'ya'ya ma ta yi.

"Da yawa?"

"Daidai dai, kamar kullum."

Ya gyaɗa kai. Maigidana ya ce, "To Kawu, mun ci jarrabawa ke nan?"

Ya ce, "Tukuna. Ku dai ci gaba da duba saman." Sannan ya yarda aka kai shi ya ga ɗakin, ya shafa bango, ya ce ai ba wani ƙunci, mutum biyu me za su yi da fili.